In kun shiga gidan abincin Indiya marasa nama, ku ce thali

Jama'a masu zuwa Indiya jinya ko karatu, kar ku tsaya zaɓen abinci ɗaya-ɗaya, ku ce a kawo thali kawai. Tire guda ne, shinkafa da capati (irin gurasar alkama) da miyar dal (wani irin wake) da ganye kala biyu uku da kindirmo a ƙananan kwanuka. Ya fi araha sosai, kuma a birnin Chennai wurare da yawa za su yi ta ƙara muku shinkafa da miya har ku ƙoshi. Babu nama, to babu damuwar yanka.

Amma fa galibi da rana ake samu. Kuma mara lafiyar da likita ya hana yaji kar ku saya masa, an riga an dafa, ba a iya ragewa.