Yadda Ake Cire Kaska Daga Jikin Kare

Kaska ta fi yawa da damina, kuma takan ɓuya cikin kunnen kare, da hammata, da tsakanin yatsu. A sa hantsaki a kama ta dab da fata, a ja a hankali ba tare da murɗawa ba, domin kada bakinta ya karye a ciki. Wadda ta ƙoshi da jini har ta yi kamar ƙwayar wake kuwa, kada a matse cikinta. Kada a shafa kananzir ko baƙin mai don cire ta, illa kawai suke yi wa fata.

Kada a shafa wa kyanwa maganin kaskar kare, domin wani maganin yana iya kashe ta. Idan dasashin kare ya yi fari, ko fitsarinsa ya yi ja, a garzaya da shi wurin likitan dabbobi.