Yadda ake yi wa likita bayanin ciwo da Turanci

A Kano mutum zai iya yin shekaru yana zuwa asibiti bai taɓa buƙatar Turanci ba, domin yawancin likitocinmu suna jin Hausa. Sai ranar da ya faɗa hannun likita ɗan bautar ƙasa da aka turo daga kudu, ko ya shiga wani asibitin kuɗi a Sabon Gari, ko kuma aka ce a fita da Baba Indiya ko Masar, sannan ido ke raina fata. Na sha raka 'yan uwa irin wannan ganin likita a matsayin tafinta, kuma na lura masu kwafsawa ba waɗanda ba su je makaranta ba ne. Masu sakandare da digiri ne, waɗanda ke ɗauko Hausa su sa mata rigar Turanci. Ni ma ina cikinsu, zan zo kan wannan.

Mataki na farko, ka bar sunan cuta a gida. Mu Kanawa muna shiga ɗakin likita da hukuncinmu a aljihu: taifod ce, maleriya ce, olsa ce, basir ne. Da ka ce “I have typhoid” ka ɗauke wa likita aikinsa, kuma ka ɓoye masa abin da yake nema. Faɗi abin da jikinka ke yi: zazzaɓi “fever”, rawar ɗari “chills” ko “shivering”, amai “vomiting”, gudawa “diarrhoea”, kasala “weakness”. Basir ya fi kowanne rikici, saboda a bakinmu ya haɗa taurin bayan gida, da tsiro, da zubar jini, da ciwon baya, har da raunin mazakuta. Kalmar “piles” abu ɗaya kawai take nufi a cikinsu. In bayan gida ne ke wuyar fita, “constipation” ke nan. In jini kake gani, ka ce “blood in my stool”. Sunan cuta ana faɗinsa ne idan an riga an gwada an tabbatar, kamar hawan jini “hypertension”, ciwon suga “diabetes”, ko sikila “sickle cell”.

Na biyu, wurin da ke ciwo. Ba zan tsaya koyar da “head” da “eye” ba, ɗan firamare ya san su. Matsalar tana inda kalmarmu ɗaya ta rabu biyu a Turanci. Ƙafa a wurinmu daga cinya ce har tafin ƙafa, su kuwa suna da “leg” suna da “foot”. Hannu ma haka, “arm” daban “hand” daban. Wuya “neck” ne, amma in haɗiya ce ke maka zafi, maƙogwaro ne, ka ce “sore throat”. Mara “lower abdomen”. Ciwon ƙugu da kowa a Najeriya ke kira “waist pain”, likitan nan gida zai gane, na Delhi ko Alƙahira zai tsaya yana kallonka. “Lower back pain” ake cewa. Dokata a nan ita ce ka faɗa da baki kuma ka ɗora yatsa a wurin. Yatsa ɗaya, ba tafin hannu ba, sai fa in ciwon ya bazu ne da gaske, shi ma wannan bayani ne.

Na uku shi ne inda na sha ƙasa, don haka a yi min haƙuri in daɗe a kansa. Wani lokaci na raka kawuna wani asibiti, muka samu likitar da ba ta jin Hausa ko kaɗan. Kawu ya ce min, “Gaya mata zuciyata ke tashi tun jiya, kuma ƙirjina na zafi in na ci abinci.” Ni kuma da ƙarfin hali na ce “his heart is rising, and his chest is hot”. Likita ta ji zuciya ta ji ƙirji a jikin dattijo, nan take ta tura mu gwajin zuciya. Ba ta yi laifi ba, abin da na gaya mata ke nan. Muka biya kuɗin da ba mu shirya masa ba, muka wuni a layi har bayan la'asar, daga baya wata nas Bahaushiya ta tambayi Kawu da kanta, ta yi dariya ta ce wa likita “nausea and heartburn”. Tashin zuciya “nausea” ne, ko ka ce “I feel like vomiting”, babu ruwansa da zuciyar da ke bugawa. Ƙwannafi shi ne “heartburn”, kuma abin dariya, su ma Turawan sun sa zuciya a sunan alhali daga ciki yake tasowa. In zuciyar gaske ce ke dukan uku-uku, wannan “palpitations” ne, ko “my heart is beating fast”. A hanyar gida cikin adaidaita sahu Kawu bai ce min komai ba sai “Ɗan nan, ashe Turancin naka na jarrabawa ne.”

Tun daga ranar na zauna na jera kalmominmu na ciwo, na nemo wa kowacce abokiyarta. Sai na ga ashe mu ma muna da su da yawa, “ciwo” da “zafi” ne kawai muke lafta wa komai don gaggawa. Zogi, wanda ke bugawa tare da jini kamar na maruru ko haƙori, shi ne “throbbing”. Raɗaɗi irin na ƙuna ko na barkono a ido, “burning” ko “stinging”. Suka, kamar ana caka maka wuƙa, “sharp” ko “stabbing”. Ciki na murɗawa ya saki ya sake kamawa, “cramping”. Kai na sarawa, “pounding headache”. Jiki ya yi tsami bayan aiki, “sore” ko “aching”. Ciwon da ba shi da kaifi, yana nan dai a kwance bai bar ka ka sake ba, “dull pain”. Ƙafa ta sage ba ka jin taɓi, “numb”. In kuma kamar ana tsira maka allurai ne, “pins and needles” ko “tingling”, masu ciwon suga su riƙe waɗannan biyun da kyau. Nauyi ko ɗaurewa a ƙirji “heaviness” ne ko “tightness”, kuma in ya zo da gumi da haki, ko yana tafiya zuwa hannun hagu ko muƙamuƙi, ba lokacin neman kalma ba ne. A ce “chest pain” a wuce sashen gaggawa.

Zafi ma tarko ne. Da muka ce “yana min zafi” ciwo muke nufi, sai mai fassara ya ce “it is hot”, likita ya ɗauko ma'aunin zafin jiki. “It hurts” ko “it is painful” ake cewa. A bar “hot” ga jikin da ya yi zafi da gaske, kuma in kana da ma'auni a gida ka faɗi lambar, daga digiri 38 zazzaɓi ne. Sanyi kuwa ya fi zafi haɗari. Mace ta ce tana da sanyi, aka fassara “she has cold”, aka ba ta maganin mura ta koma gida da abin da ya kawo ta. Abin da za a faɗa shi ne “discharge” in ruwa ke fita, “itching” in ƙaiƙayi ne, “burning when I pass urine” in fitsari ke raɗaɗi. Na san kunya, musamman in tafintan ɗa ne ko ƙane. A rubuta a takarda a miƙa wa likita, ko a nemi nas mace. Mura kanta mu nan “catarrh” muke cewa, a waje “cold” ko “runny nose” suka fi sani. Kada kuma a dogara da fassarar waya a kan sanyi, basir da shawara, na gwada, shawara ta fito min a matsayin nasiha. Mai ciwon shawara ya ce “my eyes are yellow”, likita zai ce “jaundice” da kansa.

Na huɗu, lokaci. “Kwana biyu” a Hausa yana iya zama wata uku, likita kuwa zai rubuta kwana 2 cif. Ka ƙirga tun a gida. “For five days” in adadi ne, “since Friday” in rana ce. In yana zuwa yana tafiya, “it comes and goes”, in bai saki, “it is constant”. Ƙara da abin da ke tayar da shi: “worse at night”, “worse after eating”, “better when I lie down”.

Za a iya tambayarka ƙarfin ciwon daga 0 zuwa 10. Dattawanmu kan ce “da sauƙi, alhamdulillahi” ko da suna murƙususu, tafinta kuma ya ce “he is better”. Da sauƙi addu'a ce, kada ka fassara ta. Tambayi Baba ko ciwon na hana shi barci ko tsayuwar salla, ka ba da lamba da wannan. Masu cewa 10 don a duba su da wuri su ma suna ɓata lissafin.

Sauran a gurguje. Jiri “dizzy”, in ɗaki ke juyawa “the room is spinning”, suma “fainting”, kumburi “swelling”, ƙuraje “rash”, tari mai majina “cough with phlegm”, numfashi sama-sama “short of breath”. Magani ba a “drink”, “I am taking” ake cewa. Ka zo da kwalayen duk abin da ka saya a kemis cikin leda, ya fi ka tsaya ƙoƙarin furta sunayensu. Jiƙo da sassaƙe da tsimi su ma a faɗa, “herbal medicine” ya wadatar. In wani magani ya taɓa fito maka da ƙuraje ko kumbura fuska, “I am allergic to” sai sunansa. In likita ya yi sauri, “please say it again slowly”.

Ni dai a takarda nake rubuta duk wannan tun ana gobe za a je asibiti, layi 6 ko 7, Hausa a hagu Turanci a dama, in ninke in sa a cikin katin asibiti. Waya caji kan ƙare tun ana layin yankar kati.