Yadda nake kafa yasmin daga reshe a tsakar gida

Yasmin ɗin da ke bakin rijiyar gidanmu reshe ɗaya ne tak da na roƙo a gidan ƙawar yayata. Irin nan ne mai ƙananan furanni farare da ke buɗewa da almuru, wanda mutanen Masar da Sudan ke ce wa ful. A Saudiyya kuma, musamman wajen Jizan, shi ake zarga wa zare a rataya wa amarya. Masana tsirrai suna kiransa Jasminum sambac. Ba kasafai yake yin iri ba, shi ya sa reshensa ake yanka a kafa.

Ni da damina nake yi, daga watan Yuni zuwa Agusta, lokacin da iska ke da laima. Da hunturu kafin reshen ya yi saiwa busasshiyar iska ta gama shanye shi, da bazara kuwa zafi ne zai dafa shi.

Aikin duk yana wajen zaɓen reshe. Kada ki ɗauki lallausan kan nan mai kama da ɗanyen alayyahu, kwana biyu zai yi laushi ya faɗi. Kada kuma ki ɗauki tsohon itace na gindi da ya yi toka-toka, yana da jinkirin yin saiwa ƙwarai. Na tsakiya ake nema: reshen bana da ya fara ƙwari, yana ɗan sauya launi daga kore, kuma ba ya ɗauke da fure. Da sassafe ake yanka, kafin rana ta taɓa shi, da sabuwar reza ko almakashi mai kaifi da aka wanke. Tsawonsa santimita 10 zuwa 15, kamar tafin hannu, ya kasance da gaɓa uku ko huɗu. Ki yanke dab da ƙasan gaɓa, domin ta nan saiwa ta fi fitowa. Ki tsige ganyayen ƙasa ki bar biyu a sama, in suna da faɗi ki rage rabinsu, tunda ta ganye ruwa ke fita alhali babu saiwar da za ta mayar da shi. Ki kuma lura da ina ne kai ina ne gindi. Na taɓa bai wa yarana aikin, suka kafa uku a juye, muka yi ta jiran gawon shanu.

Ƙasar da nake haɗawa rabi yashi ne, rabi ƙasar lambu mai tsohon taki da ya riga ya ruɓe ya zama baƙi. Ɗanyen kashin awaki ko na kaji ƙona reshen yake yi. Ledar fiya wata ta wadatar, a yanke bakinta a huda gindin wuri huɗu ko biyar. Ina yin rami da fensir, in sa reshen har gaɓa biyu su shige ƙasa, in danna gefensa da yatsa. Masu sayar da fulawa a bakin titi wani lokaci suna da garin maganin fitar da saiwa. Yana taimakawa, amma wannan yasmin ɗin ba mai gardama ba ne, yawancin nawa ba tare da shi na kafa su ba.

Sai a ba shi ruwa sau ɗaya ya jiƙe sosai, a kifa masa babbar robar ruwa da aka yanke gindinta, a cire murfin don ya riƙa shan iska. A ajiye a inuwa mai haske, gindin darbejiya ko ƙarƙashin rumfa. In rana ta bugi robar nan kai tsaye, turara shi za ta yi kamar dambu.

A nan na yi asara karon farko. Reshe goma na kafa, ina ba su ruwa safe da yamma don tsabar ɗoki, duk gindinsu ya yi baƙi ya ruɓe. Yanzu yatsa nake tsomawa a ƙasar: in da danshi, in wuce abina, ko da kwana huɗu ne ban zuba ba. In kuma ana ruwan Agusta ba ƙaƙƙautawa, ina jan su ƙarƙashin kwano.

Saiwa takan fito cikin mako huɗu zuwa shida. Sabon toho a mako na biyu kada ya ruɗe ki, abincin da ke jikin reshen ne yake ci. Kuma don Allah kada ki riƙa ciro shi kina dubawa. Amfanin farar leda ke nan: za ki hango saiwoyi farare sun bi jikinta ko sun leƙo ta huji. In kin gan su, ki riƙa cire robar na 'yan sa'o'i kullum har mako guda, sannan ki fara nuna masa hantsi.

Bayan wata biyu ko uku nake mayar da shi tukunyar ƙasa ko rami, da la'asar, in yage ledar ba tare da na wargaza ƙasar ba. Wurin ya zama mai samun rana sosai, a inuwa ganye kawai zai yi ta yi ba fure. In ya kama, ki riƙa tsinke kan rassan da farce don ya yi cunkus.

Wadda ba ta da haƙurin wannan hidima, ta lanƙwaso dogon reshe daga jikin uwar, ta ɗan kankare bayansa a gaɓa, ta binne wurin ta ɗora dutse. Bayan kamar wata biyu ya yi saiwa sai ta yanke shi. Kaji ne kawai matsala, su da tonon jiƙaƙƙiyar ƙasa, don haka ni tsohon kwando nake kifawa a kai.