Shawara ga masu rubuta manhaja a Legas

'Yan'uwa masu rubuta manhajar kwamfuta, musamman mazauna Agege da ke aiki a Yaba, ina ba ku shawara ku ware Asabar ta farkon wata domin girki. Ku sammaka kasuwar Mile 12, inda ake sauke tumatir da tattasai da albasar Arewa, ku markaɗa, ku tafasa har ruwan ya tsotse, sannan ku soya da wadataccen mai, domin soyayyen kayan miya ya fi jure ɗaukewar wuta. Lokacin da wannan ya rage muku da daddare ku ba darasin Python (wani harshen rubuta manhaja) ko ƙaramin aikinku na sha'awa, kuna tura shi GitHub, shafin intanet na adana ayyukan manhaja, kafin batir ya ƙare. Kallon ƙwallo kuwa ya jira Lahadi.