Idan Aka Miƙa Miki Waya a Gidan Biki

Ni tela ce a Tudun Wada, Gusau, ban taɓa koyon hoto ba. Tun bikin ƙanwata aikin ya faɗo kaina, domin mai hoton da aka biya namiji ne, iyakarsa ƙofar gida wurin ɗaurin aure. Can ciki, inda ake sa lalle, ake kamu, ake yi wa amarya faɗa tana sharar hawaye, sai mu mata. Da Tecno ɗina nake yi, kuma ga abin da na koya.

Fara goge idon kyamarar da bakin mayafi. Wayar da ta wuni a hannun mai rabon waina da miya, hotonta dishi-dishi yake fitowa kamar an ɗauka cikin hazo. Tun jajibiri ki share tsofaffin bidiyoyi, don bidiyon minti 10 na iya cinye giga 1, sannan ki cika caji.

Haske ne ya fi ba ni wahala. A Maris da Afrilu zafi kan wuce digiri 40, rana tana tsakar ka, kowa ya yamutsa fuska, inuwa ta kwanta ƙarƙashin idanu, wayar ma ta ɗau zafi har ta ƙi aiki. Rumfar haya kuwa, in ja ce, ja za ta rina fuskoki. Jawo mutane bakin zaure ko inuwar dogonyaro, hasken ya zo ta bayanki ya sauka a fuskarsu. In da hali a jira la'asar sakaliya. Idan farin leshi ko farar shadda suka cika hoto, wayar takan rage haske sai fuska ta yi duhu. Taɓa fuskar a kan allon, ki ja 'yar alamar rana da za ta fito a gefe sama kaɗan don ƙara haske. Filashi kuma ki rabu da shi, yana mai da hodar amarya fari fat kamar an watsa mata gari. A ɗaki, ɗage labule ki juyo da ita wajen taga. Da dare wata ta riƙe miki fitilar caji daga gefe.

Hotunan da ake komawa ana kallo su ne na ba-zata, kuma su suka fi wuyar samu. Da an ga waya a sama, kowace ta gyara ɗauri ta tsuke baki. Riƙe wayar daidai ƙirji, ki tsaya wuri guda har a manta da ke. Ki kuma san abin da zai biyo baya. Wurin kamu fuskar amarya a rufe take, babu abin ɗauka a nan. Dubi ƙawayenta suna ja-in-ja da dangin ango kan kuɗin kamu, dubi kakarta tana musu tsiya. Ɗauki biyar ko shida a jere, ɗaya zai yi. Kada ki jawo hoto da yatsu, yana fashewa, taka ki matsa kusa.

Sai dai ba-zata na da nasa rikicin. Na taɓa kama Gwaggo tana dariya har kallabinta ya zame, hoton ya yi kyau ƙwarai, na ɗora a WhatsApp. Kafin isha'i an aiko kirana. "Ke ɗiyag ga, wa ya ce ki sa ni ga waya kaina buɗe?" Sai da na durƙusa na ba da haƙuri. Yanzu duk wadda na ɗauka ina nuna mata, in ta ce a goge, a gabanta nake gogewa. Mai shayarwa da mai loma a baki ba na ɗauka ma. Masu liƙi kuma a tambaye su tukuna, a halin da Zamfara ke ciki ba kowa ke son a gan shi yana watsa kuɗi ba.

Bayan biki kada ki juye wa amarya hoto 400. Zaɓi 30, ki tura su a matsayin dokumen, wato fayil, don WhatsApp yana rage ingancin hoton da aka tura kai tsaye. Guda 5 kuma ki kai a wanke a kai wa Inna, ita wayarta ƙarama ce mai tocila.