Bargon jariri na haɗe-haɗe: kurakuran da na gaji da gani

Duk yarinyar da ta zo koyon ɗinki ta ga injin yanka ƙyalle, sai ta ɗauka wahalar bargon haɗe-haɗe ta ƙare. Ga wadda ba ta taɓa ganinsa ba, abu ne mai sauƙi: allo ne da aka binne wuƙaƙen ƙarfe a cikin soso, ki ɗora ƙyalle a kai, ki rufe da faifan roba, ki tura tsakanin ƙarafa biyu masu juyawa kina murza hannu. Ya fito ta ɗaya gefen an yanka miki murabba'ai ko masu kusurwa uku, duk girma ɗaya. Irin su AccuQuilt GO! da Sizzix Big Shot daga Amurka suke, kuma na hannu ba ruwansu da wuta, abin da duk mai shago a Maradi ta san darajarsa. To amma injin ba ya tunani. Abin da kika ba shi, shi zai yanka, kuma yawancin ɓarnar da nake gani kafin yanka ake yin ta ko bayansa.

Na farko, kuma wanda ya fi ƙona mini rai, shi ne yanka ƙyalle ba a wanke ba. Bargon haɗe-haɗe daga ragowar ɗinki muke tara shi: guntun atamfar wannan, sauran yadin waccan, wani daga babbar kasuwa, wani ya biyo ta Jibiya daga Kantin Kwari. Kowanne da halinsa. Auduga tana tsukewa a wankin farko, kashi 3 zuwa 5 cikin ɗari, amma ba duka suke tsukewa daidai ba. Wata atamfar an cika ta da sitaci don ta yi kyau a kanti, ruwa na taɓa ta ta saki jiki. Wata kuma zuba take yi.

Ni wannan ya taɓa cin kuɗina da mutuncina. Wata Hajiya ta ba ni aikin bargon jikarta, ana sauran kwanaki kaɗan suna, na ga lokaci ya ƙure, na ce wanki ya jira. Na haɗa jar atamfa da farin yadi, abin ya fito gwanin sha'awa, aka kai gidan suna ana ta yabawa. Wankin farko jan nan ya malale cikin farin, murabba'an atamfa suka tsuke, na yadin suka tsaya yadda suke, bargo ya tattare ya ƙi kwanciya. Aka aiko mini da shi a leda, ba ko sallama. Na mayar da kuɗi, na sake wani daga aljihuna, kuma gidan ba su ƙara kawo mini ko ɗaurin ɗankwali ba. Saboda haka idan yarinya ta ce mini, “Tanti, ai sabuwa ce, ba ta da datti,” raina ɓaci yake. Wa ya yi maganar datti? Ki jiƙa kowane launi a robarsa daban, ki bar shi ya kwana, ki wanke da sabulu, ki ɗauraye har ruwan ya fito fes. Sannan ki ɗauki farin ƙyalle ki goga a jiki tun yana da danshi. In ya ɗauki launi, ki sake wankewa. In ya sake ɗauka, ki ajiye shi gefe, ba na bargon jariri ba ne. Wasu suna zuba gishiri wai ya kama launi. Ni ban dogara da shi ba. Rinin baba da jar galura su na fi tsoro. Shadda kuwa ba na saka ta kwata-kwata, ta yi tauri ga fatar jariri, kuma da zarar an wanke ta sheƙin ya tafi.

Bayan wanki sai guga, tun da sauran ɗan danshi. Ni nakan fesa sitaci kaɗan, ƙyallen ya ɗan tsaya. Tattararren ƙyalle in ya shiga inji, da tattarar za a yanka shi, yana miƙewa kuma girman ya canza. Masu dutsen gawayi, ku goge ƙasansa kafin ku ɗora a kan fari.

Na biyu shi ne rashin kula da inda zare ya dosa. Kowane yadi yana da zaren tsaye, wanda ya bi tsawon turmi yana tafiya tare da bakin zane inda ake buga sunan kamfani, da zaren kwance da ya ratsa shi. Ki ja da hannu ki gani: ta tsaye ba ya miƙewa, ta kwance yana ɗan bayarwa, a karkace kuwa sai ya biyo ki. Ƙarafan injin matsa ƙyalle suke suna jan sa gaba, don haka zaren tsaye ne ya kamata ya bi hanyar da allon ke tafiya. In kika ba shi ta kwance, zai miƙe a ƙarƙashin matsi, a yanka shi a miƙe, ya fito ya koma, sai ki sami murabba'in da gefe ɗaya ya gaza. Ga kuma tarkon da kowa ke faɗawa: a yawancin allunan an ɗan karkata wuƙaƙen da gangan, don kada ƙarfen ya hau dukan tsawon wuƙa lokaci guda. Ki daidaita ƙyallenki da wuƙar, kada ki daidaita shi da bakin allon. Guntun da ba shi da bakin zane kuma, ja shi za ki yi ki gane. Minti nawa wannan zai ci miki?

Sai zancen inci da santimita, wanda mu nan Nijar ya fi cizonmu. Allunan nan da inci aka ƙera su, kuma an riga an saka rarar ɗinki a ciki: kwatan inci a kowane gefe, wato milimita 6 da ɗan ɗoriya. Murabba'in da aka yanka inci 4 da rabi, bayan ɗinki inci 4 zai koma, kusan santimita 10. Mu kuwa hannunmu ya saba da barin santimita 1 ko fiye a ɗinkin riga. Idan murabba'ai ne zalla kuma kin bar santimita 1 a ko'ina, bargon zai ƙanƙance kawai. Amma da masu kusurwa uku, tsinin kowanne ɗinki zai cinye shi. Mafi muni shi ne yau kaɗan gobe da yawa. Jeri mai murabba'i 9 yana da ɗinki 8. Ki zarce da milimita 2 a kowanne, ƙyalle biyu ne ke shiga, kin rasa fiye da santimita 3 a jerin nan kaɗai. Sai a zo haɗa shi da na ƙasa a ga bai kai ba, a kama ja da ƙarfi. Kada ki ja! Ki farke. Ni abin da nake yi, ina juya tef ɗin awo ta gefen inci, in auna kwata daga allura, in manna salatif a kan farantin keke, bakin ƙyalle ya riƙa bin sa. Tsohuwar Butterfly ma ta isa wannan aikin.

Yanzu ku masu gaggawa. An rubuta cewa GO! yana ɗaukar auduga har ninki 6, sai ku lafta masa 10 kuna murzawa da hannu biyu har teburin yana rawa. Na ƙasa ya yanku, na sama ya fito da zare a maƙale, ku kuma fizge shi, bakin ya zaizaye. Ni da atamfa mai kauri ba na wuce 4. In zare ɗaya ya rage, almakashi za ki sa. Kuma wadda ta sake barin fil a cikin ƙyalle ta tura shi inji, ta san ta yi wa wuƙa giɓi har abada. Allon nan ba a wasa shi wurin maƙeri, sabo za a yi oda daga waje, a zauna jira.

Faifan roba ki riƙa juya shi, gaba da baya, sama da ƙasa, in ba haka ba wuri ɗaya zai rarake. Zaren da ke cushewa gefen wuƙa ki tsince shi bayan aiki. Lokacin hunturu ki rufe injin da zane saboda ƙura. Kada ki yanka har da bakin zane. Kada ki haɗa yadin roba da auduga, zafin da auduga ke so narkar da roba yake. Wajen guga ɗinki, ɗora dutse ki ɗaga, ba a gurzawa, kuma ki kwantar da rarar jeri ɗaya dama, na biye hagu, kusurwoyin za su shiga juna da kansu.

Girma kuma ba sai an wuce gona da iri ba. Da murabba'ai masu inci 4 bayan ɗinki, 9 a faɗi, 11 a tsawo, 99 ke nan, yana ba da kusan santimita 91 da 112, ya ishi yaro har ya fara tafiya.

Abin da ake sakawa a tsakiya shi ma ina da magana a kai. Na ga masu cusa siririn soson katifa don bargo ya yi tudu ya burge a gidan suna. Ba ya shan iska, ba ya bushewa da wuri, kuma kayan jariri kullum cikin wanki suke. Sanyinmu na Disamba da Janairu ne, daga Afrilu kuwa zafi yana haura digiri 40. Shimfiɗar auduga siririya ta wadatar, ko ma yadi mai laushi ninki ɗaya, sai shafi na auduga a baya. Ki shimfiɗa ukun a ƙasa mai tsabta, ki kama su da ɗinkin hannu mai faɗi tun daga tsakiya zuwa gefe, sannan ki bi da keke. Tazarar da ba ɗinki kada ta wuce faɗin tafin hannu, don kada audugar ta dunƙule a kusurwa.

Maɓalli, duwatsun ado, geza, dogon zare: ko ɗaya kada ya hau bargon jariri, duk abin da hannunsa ya kama baki zai kai. Kuma ki gaya wa maijego da bakinki in za ki miƙa mata, domin likitocin yara suna gargaɗi a kan lulluɓa wa jaririn da bai kai shekara ba sakakken bargo yana barci shi kaɗai, yana iya rufe masa hanci. A shimfiɗa masa a kan tabarma yana wasa, ko a yafa a kan goyo da sanyin safiya, fuska a buɗe.