Yadda za ka rage bolar gidanka da bawon rogo da ragowar abinci

Duk wanda ya taba zama a gidan haya a Aboabo ko Asawase nan Kumasi ya san wannan warin, na bokitin bola da ya kwana biyu mai aboboya, babur mai kafa uku na kwasar bola, bai zo ba. In ka leka ciki za ka ga fiye da rabi abinci ne, bawon rogo, bawon ayaba, rubabben tumatir, shinkafar jiya, sauran kuma roba ce da ledar piya wata. Kudi muke biya a kwashe mana abin da akuya za ta ci ta yi kiba, wallahi abin yana ba ni mamaki.

Kafin ka fara komai duba me unguwarku ke zubarwa, don bolar Kumasi daban take da ta Ankara, Accra nake nufi ba ta Turkiyya ba. Nan garin sakwara ne, saboda haka bawo ya fi yawa, na rogo da doya da gwaza da ayaba, ga karan kontomire, wato ganyen gwaza, mai nauyi mai ruwa-ruwa. A Nima ko Sabon Zango na Ankara kuwa za ka fi cin karo da kayan cikin kifi da bawon masara na dokunu da kwakwar da aka shanye aka yar, tuli guda a bakin hanya. Tamale kuma tasu mai sauki ce, hatsi ne abincin, dusa da kasari na dabbobi ne, iska a bushe, abu bai cika rubewa da wuri ba. Mu nan damina biyu gare mu a shekara, abin da ka ajiye da safe kafin magariba ya fara tsami. Shi ya sa dabarar dan uwanka na Tamale in ka dauko ta yadda take ba lallai ta yi maka aiki ba.

To ka samu bokiti biyu. Daya na abin da ke rubewa, daya na roba da gwangwani da kwalba. Kar ka yi wasa da wannan, leda daya in ta shiga cikin bawo akuya ta hadiye, mahauta sun sha fede tumbi su tarar da roba a dunkule. Yaran gida su za ka fi fama da su, sai ka yi ta fada kamar sati biyu kafin su saba.

Abin da mutum zai iya ci kuma ai ba bola ba ne. Tuwon dare dumame ne da safe, kanzo a shanya shi ya bushe a jika a yi kwado, iyayenmu ba su taba zubar da wadannan ba, mu ne da firij dinmu muka koyi zubarwa.

Sai dabbobi. Bawon ayaba da na doya a ba awaki da tumaki haka nan, in dai babu kasa da yawa a jiki. Amma bawon rogo a'a, akwai guba a cikinsa, irin wadda ke sa a jika rogo ko a soya gari kafin a ci. Shimfida buhu a rana ka baza shi kamar kwana uku har ya bushe yana karas-karas in ka murza, sannan ka ba su, ka hada da dusa ko dusar koko. In ya yi funfuna kar ka bayar, wuce da shi wajen taki. Ba ka da dabba? Makwabcinka mai kiwon ragon layya yana nema. Wata Hajiya mai waace, wato shinkafa da wake, a layinmu na tambaye ta, na ce Hajiya ina kike kai bawon nan da ragowar shinkafa, ta ce dana ai akwai mai zuwa da kwano kullum da la'asar, da Sallah kuma cinya guda yake aiko min. Ka ji ciniki.

Bawon ayaba yana da wani amfanin, ana busar da shi a kona, tokar ita ake tacewa a yi sabulun salo, wanda ake kira alata samina. Ni ban iya ba, amma masu yi suna karba in ya bushe sosai.

Wanda ya rage shi ne na taki, kuma nan ne mutane ke batawa. Nemi tsohon bokiti babba ko ka yanke saman galan din Kufuor, rawayar jarkar ruwan nan, ka sa kusa a wuta ka huda gindi da gefe-gefe ko'ina, ka dora shi kan bulo biyu inda ruwan sama ba ya dukansa. A kasa zuba busasshen ganye ko garin katako, a Sokoban wajen kafintoci ana samu buhu-buhu, sai dai ka ce musu ba ka son na filawud ko katakon da aka sa wa magani. Yayyanka bawon kanana, ba dole ya yi kyau ba, ka zuba, duk kwano daya na danye ka rufe shi da kwano biyu na busasshe. Wannan rufewar ita ce sirrin, wanda ya tsallake ta shi ke cewa taki wari ne da shi da kudaje. In akwai kashin awaki ko na kaji watsa kadan, yana sa ya dau zafi da wuri. Toka dan barbade kawai.

Duk sati ka sa sanda ka juya. Ka damki kadan a hannu ka matse, in ruwa ya tsiyayo ya jike da yawa kara garin katako, in ya watse kamar gari yayyafa masa ruwa, musamman da hunturu. Nama, kasusuwa, man ja, miya, kar su shiga, in ba haka ba beraye za su tare a gidan, maigida kuma ya ba ka notis kai da bokitinka. Mutanen Ankara masu kayan cikin kifi, ku haka rami mai zurfi kamar kamu daya a gindin bishiya ku binne ku danne da dutse, kwakwa kuma a sassara ta da adda ta zama ita ce busasshen, amma tana dadewa ba ta rube ba.

Wata rana za ka bude ka ga wasu tsutsotsi masu kauri suna motsi, kar ka tsorata ka zuba fiya-fiya, 'ya'yan wani bakin kuda ne mai kama da zanzaro, su ke cinye bawon da sauri, kaji kuma suna son su kamar me. Wata biyu zuwa uku abin zai koma baki, kamshin kasar da ruwa ya taba, ba ka gane bawon komai a ciki.

Akwai manyan wurare da ke wannan aikin na mayar da bola taki, na Adjen Kotoku a bayan Accra tun 2012, da Safisana a Ashaiman da ke hada ragowar kayan kasuwa da na bayan gida su fitar da gas da taki, mu ma muna da namu a Adagya. Amma bolar da ta iso a cakude da roba sai an sha wahalar tsincewa, wadda ta fada kwata kuma kogin Subin na Kumasi ko Odaw na Accra za ta nufa, mun ga abin da ambaliya ta yi a Circle cikin Accra ran 3 ga Yuni 2015.

Takin in ya nuna tankade shi da tsohon kwando, abin da bai wuce ba ya koma bokiti. Kashi daya taki kashi biyu kasa a cikin buhun shinkafa da aka huda, ya isa barkono ko ayoyo ko tumatir gindi biyu a bayan daki.